Masa uku a faranti: me muke saye a gidan abinci da hantsin Asabar?

Wata Asabar da ta wuce na ce wa Goggona, ƙanwar mahaifinmu da ta zo daga Darazo ganin likitan ido, yau fa ba za a ɗora tukunya a gidan nan ba, ta shirya mu je waje mu karya. Ta dube ni ta dubi agogon bango, sha ɗaya saura kwata, ta ce "ke 'yar nan, wane irin karyawa ne rana ta ɗaga haka, ai wannan sai dai a ce kalacin walaha." Ita ba ta sani ba amma a take ta ba ni Hausar kalmar da na daɗe ina nema, wato wannan abin da gidajen abinci na GRA suka fara rubutawa a allunansu da shafukansu na Instagram, brunch. Turawan Ingila ne suka haɗa sunan karin kumallo da na abincin rana suka fitar da kalmar tun wajen 1895, saboda masu hali da ke raba dare wajen shagali ranar Asabar su tashi a makare ranar Lahadi, daga baya Amurkawa suka ɗauka suka mayar da shi al'ada, mu kuma ya biyo ta Legas da Abuja da wayoyin hannunmu ya iso mana Bauchi.

To ni abin da ya daɗe yana min yawo a rai shi ne, garin da kusan kowace unguwa akwai mai masa, garin da idan ka je Kano ko Kaduna ka ce daga Bauchi kake abin da za a fara tambayarka shi ne ina masarmu, me zai sa mutum ya saka kayan fita ya ƙona mai ya je ya biya ninkin ba ninkin a kan abin da yaro zai karɓo masa da kwano a bayan layi? Masu zagi suna cewa ƙarya ce kawai da kwaikwayon Turawa, masu zuwa suna cewa wayewa ce. Na zauna a teburan nan sau da dama, na kuma tsaya a gaban tanda sau ba adadi, kuma abin da na gani ya fi duka maganganun nan biyu faɗi.

Farko dai cin abinci da hantsi ba baƙonmu ba ne. Bature yana makara ne don ya kwana a waje, mu kuma Asuba ce ke tashinmu, a yi sallah a yi azkar, ranar da babu ofis a koma a ɗan rama bacci, yara a ba su shayi da burodi a gurguje su wuce Islamiyya don yawancin makarantun Asabar da Lahadi suna karatun safe, Alhamis da Juma'a ne hutunsu. Sai wajen goma zuwa sha ɗaya gida zai farka da gaske, a nan ne ake ɗumamen tuwon jiya da man shanu da yaji, ko koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko ɗan wake, ko a aika a sayo masa da miyar taushe. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan cin, kuma ya san bayan shi ba a sake neman wani abu sai bayan La'asar. Kenan lokacin namu ne, yunwar ma tamu ce. Abin da ya zo sabo shi ne wurin.

Nan ne gizo ke saƙar. A tarbiyyar da aka yi mana magidanci ba ya cin abinci a waje, idan aka gan shi a gidan tuwo a cikin garinsu sai a fara ƙus-ƙus, ko matar ta yi yaji ko ba ta iya girki ba. Gidan abinci na matafiya ne da direbobi da 'yan tasha da gwauraye. Teburin mai shayi kuwa majalisar maza ce zalla, a nan ake Indomie da ƙwai ana musun ƙwallo da siyasa, mace mai mutunci ko wucewa za ta yi sai ta sauya hannu. Ita mace abinci yana zuwa mata ne a gida, kuma kusan kullum ita ce ta dafa shi. Sai ki tambayi kanki, yau a cikin garin Bauchi ina ne miji da mata da 'ya'yansu za su je su zauna tare na awa biyu, cikin inuwa, ba gidan biki ba, ba gidan rasuwa ba, ba layin asibiti ba? Yankari na nan, ruwan Wikki na nan da ɗuminsa, amma tafiyar sama da kilomita 100 ce, sai an yi shiri da guzuri da cikon tanki. Dam ɗin Gubi ba wurin da za ka kai jariri da tsohuwa ba ne a zafin watan Afrilu. Wuraren wasan yara kuma sai da Sallah suke rayuwa. Wannan giɓin gidajen abincin suka hango suka shige, suka sa AC da kujeru masu laushi da labule, wasu har da ɓangaren iyali daban, kuma abin da suke sayarwa a gaskiya kujerar ce, ƙwai da dankalin rakiya suka yi.

Na ga haka da idona ranar da muka je da Goggo. Muna zama yaron da ke kawo abinci ya zo ya ɗan rusuna ya ce "Hajiya sannunku da zuwa, me za a kawo muku?" Goggo ta karɓi takardar abincin ta juya ta gaba da baya ta miƙo min ta ce in zaɓa mata abin da ta sani. Na yi mata odar masa da miya da farfesun kayan ciki, yara suka ce su dankali da ƙwai da sosej, ni na ce a kawo min shayi da abin da suka rubuta pancake, wanda ko sunan fankenmu daga jikinsa ya fito. Da aka kawo, masa guda uku ce a farin faranti an jera su kamar za a ɗauke su hoto, miyar a wani ɗan ƙaramin kofi a gefe. Goggo ta yi shiru ta ce "sauran na tafe ne?" Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba. Ruwa ya ƙare a tebur, kafin in ankara ta dafa kujera za ta miƙe ta ɗauko, matar da ta haura saba'in, jikinta ya riga ya saba duk inda ake cin abinci ita ce mai tashi. Na riƙe hannunta na ce Goggo zauna za a kawo. Ta koma ta zauna a hankali tana kallon yaron yana zuba mata ruwa a kofi, can ta ce min tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta tuna ranar da ta ci abinci daga farko har ƙarshe ba ta tashi ba sai ranar da take jego.

Shi ya sa idan na ji maza a majalisa suna cewa wannan fita almubazzaranci ce nake jin abin har cikin raina. Mutumin da kusan kowane dare yana tsayawa wajen mai balangu ko mai gasasshiyar kaza ya ci shi kaɗai da abokansa, ya goge baki ya shigo gida, babu wanda ya taɓa yi masa lissafin abin da ya kashe a wata. Ranar da matarsa ta ce sau ɗaya a kai ta inda ba ita za ta yanka albasa ba, ba ita za ta yi wanke-wanke ba, ranar za a tuna tattali. Matar da ke aikin gwamnati ko koyarwa ko jinya daga Litinin zuwa Juma'a, Asabar ɗinta wanki ne da shara da cefanen mako a kasuwar Wunti ko Muda Lawal da girki sau uku, hutun ƙarshen mako na maigida ne da yara. Wannan awa biyun da take saye hutu ne, kuma hutu ba haramun ba ne.

Su wa ke cika wuraren? Bauchi gari ne na albashi, tun da ta zama babban birnin jiha a 1976 sakatariya ce babbar masana'antarmu, shi ya sa duk mai gidan abinci zai faɗa maka Asabar ɗin da ta biyo bayan shigar alat ita ce kasuwa, ta tsakiyar wata kuwa sai ka ga ma'aikata sun fi masu ci yawa. Akwai likitoci da ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin agaji, akwai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Federal Poly da ke haɗa kuɗi su zo bikin ranar haihuwar ɗayansu, akwai 'yan bautar ƙasa da suka zo daga Kudu da sabonsu na cin abinci a waje, akwai amare da angwaye sababbi. Ranar Lahadi kuma wajen sha biyu za ka ga 'yan uwanmu Kirista daga ɓangaren Yelwa sun taso daga coci iyali guda da kwalliyarsu, su dama wannan lokacin ya zauna musu daidai. Kuma ko wannan kaɗai abin dubawa ne, don ba wurare da yawa suka rage a garin nan da za ka ga mai hijabi da mai ɗaurin ashoke suna zaune tebur kusa da tebur yaransu na leƙen farantin juna ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke ɗaga hankalin kowa. Mu biyar muka je, manya biyu yara uku, bil ɗinmu ya tasam ma rabin mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, wato naira 70,000. Cin safiya ɗaya kenan. Idan ka tsaya a kan masa uku ka kwatanta da farashin bakin tanda za ka rantse fashi ne da rana tsaka, ni ma haka na ɗauka har sai da wata ƙawata da ta taɓa riƙe irin wannan wuri ta zaunar da ni ta warware min. AC ɗin da ya sa ka zo shi ne babban mai cin kuɗin. Wuta ba ta tsayawa, idan ma kana layin da ake kira Band A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, to a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin yunit daga naira sittin da wani abu zuwa 225, idan an ɗauke kuma janareta ne da dizal, shi kuwa dizal tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi bai dawo inda yake ba. Ku tuna watan Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu, duk mai firiza cike da kaji da sosej a lokacin ko dai ya ƙona dizal dare da rana ko ya zubar da kaya. Fetur kuma da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ya haura 1,000, kuma duk abin da ke cikin farantin nan a mota ya zo. Dankalin Turawa da kabeji da karas daga Filato ake lodinsu su biyo hanyar Jos, ƙwai farashinsa na bin na masara da waken suya da kaji ke ci, fulawa alkamarta yawanci daga ƙasashen waje ake shigo da ita don haka duk tarin da dala ta yi sai burodi ya kamu da mura, madara da bota da cukui na kanti haka. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Ka ɗora hayar gini a GRA, gas, albashin kuku da masu kawo abinci da mai gadi, da harajin VAT na kashi 7.5.

Akwai kuma wani abu da mu masu zuwa ba ma lissafawa. Mai masa tana sallamar mutum goma cikin minti goma, kowa ya karɓa ya wuce. Mu kuwa mun zo ne mu zauna, a ci a yi hira a yi hoto yara su zaga, tebur ɗaya iyali ɗaya awa biyu, daga goma zuwa Azahar da ƙyar tebur zai ga iyali biyu. Duk sanyin da aka hura a wannan lokacin a kan farantin mutum biyar za a raba shi. Ga shi kuma da azumi ya kama kasuwar hantsi ta mutu murus wata guda sai dai su koma shirya buɗa baki. Ba ina wanke su ba ne, akwai masu tsawwalawa, amma yawan gidajen abincin da ake buɗewa da ƙawa a garin nan shekara ɗaya biyu ka wuce ka ga an mayar da wurin shagon kaya ya isa ya nuna ba kowa ke kwasar riba ba.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne kan masar kanta. A layinmu akwai wata baiwar Allah da muke kira Inna, shekara da shekaru tana wannan sana'a. Tun la'asar ɗin jiya take jiƙa farar shinkafa, a kai inji a niƙo, ta dafa wata 'yar shinkafar daban ta zuba a ciki, ta sa yis ta rufe ƙullun ya kwana yana tashi, kafin kiran sallar farko ta hura wuta, ta gyara ƙullun da ɗan sukari da albasa da kanwa ko bakin foda gwargwadon tsaminsa, don ƙullun zafi daban na hunturu daban kuma hannunta ne kawai ya san bambancin. Tandarta ta ƙasa ce ta yi baƙi ƙirin, tana zuba mai tana zuba ƙullu tana juyawa da ɗan cokali, hayaƙi na shiga idonta, gefe ga tukunyar taushe da kabewa da gyaɗa da alayyahu da tantaƙwashi. Wata Asabar da sassafe na je karɓa sai na tarar da yaro a kan babur da kula babba guda biyu ana ƙirga masa, na ce Inna biki ake yi ne? Ta ce "a'a 'yata, na gidan abinci ne, duk sati suke aikowa." Farashin da take ba mu shi take ba su, har da ragi don suna ɗauka da yawa. Wato masar da aka jera wa Goggo guda uku tana iya yiwuwa daga irin wannan tanda ta fito, an ninka kuɗinta, kuma babu inda aka ambaci mai ita. A takardar abincin ma can ƙasa ake sa ta bayan su waful da sandwic, kamar ana jin kunyarta, alhali duk baƙon da ya sauka garin nan daga Abuja ita yake tambaya, ba wanda zai yi tafiyar awa shida don ya ci waful a Bauchi.

Kuma abin takaici na Turawan da ake fifitawa ba kullum ake iya shi ba. An sha kawo min pancake mai tauri da dankalin da ya sha mai ya yi sanyi bayan jiran kusan awa guda, an taɓa ƙara min wani kuɗin hidima a bil wanda ba a rubuta a ko'ina ba sai da na zo biya, ga wurin da zai ɗauki mutum hamsin amma babu ɗan keɓaɓɓen wurin da mace za ta yi sallar Azahar, bayi kuma ɗaya tal. Wanda ya gane cewa zama yake sayarwa ai waɗannan zai fara gyarawa kafin ya sayi fitilun ado. Da za a samu mai ƙarfin hali ya kafa tanda a fili inda masu ci za su gani, ya ɗauko irin su Inna da albashi mai kyau ko ya rubuta cewa masar wance ce ta unguwa kaza, ya jera sinasir da alkubus da funkaso da kunun gyaɗa mai zafi da farfesun kan sa da fura da nono mai kyau, wallahi da ya rage dogaro da kayan dala, da kuma tsofaffi irin Goggo sun shigo ba tare da an karanta musu takarda ba.

Ta ɓangarenmu ma akwai abin faɗa. Waya ta shiga tsakani. Kafin a ce bismillah an ɗauki hoto an ɗora a status, wadda ke gida tana fama da icce ta gani, daren ranar mijinta ba zai sha ruwa da daɗi ba, shi kuma mai albashin da ko buhun shinkafa ba ya saya cikakke sai ya ci bashi don kar a raina shi. Na san gidan da aka yi kwana uku ba a magana a kan wannan. Abin da ya fara a matsayin hutu sai ya koma gasa, a je ba don ana so ba sai don a ce an je. Sannan hantsin Asabar a ƙasar Hausa ba fili ba ne da babu mai shi, lokacin ɗaurin aure ne da suna da gaisuwar rasuwa da dubiya da leƙa iyaye a cikin gari, duk wanda ya mayar da fita cin abinci ta kowane mako to wani zumuncin ne ya biya kuɗin. Yara kuma suna saurin ɗauka, ƙaramin ɗana bayan fita biyu ya fara tura kofin koko gefe yana tambayar sosej, sai da na yi da gaske. Shi ya sa a gidanmu muka tsayar sau ɗaya a wata in an samu sarari, wani watan ma a tsallake, kuma duk lokacin da za a je sai an ɗauki wani babba, ko kakarsu ko wata gwaggo, in ba haka ba a fasa.

Wasu matan ma sun samo tsakiya. Yanzu akwai masu girki a gida da ke karɓar oda ta WhatsApp tun daren Juma'a, da safe mai Keke Napep ko ɗan acaɓa ya kawo tire guda da masa da farfesu da soyayyen dankali da kunu a fulas, a yi tiransifa, wanda tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya iya. Kuɗin bai kai na gidan abinci ba don babu haya babu AC, uwargida ta huta da girki, ribar kuma ta shiga hannun wata matar. Sai dai an rasa fitar, kuma ko an ce an huta idan ruwa ya ƙare an san wadda za ta tashi.

Da muka gama ranar Goggo ta sa aka juye mata ragowar farfesu a tekawe ta ƙulle a gefen mayafi, a mota ta yi ta sa min albarka har muka iso gida, ta ce wurin akwai sanyi yaran kuma akwai ladabi, masar ce dai ba ta kai mata ko'ina ba. Washegari da za ta koma Darazo tun bakwai na je wajen Inna da babbar kula, aka cika mata ita taf, miya a wani bokitin roba daban, da ƙullin yajin ƙuli a leda. Muna tsaye muna jira Goggo ta ja wani ɗan benci da ke jikin bango ta zauna, Inna ta ɗebo guda biyar masu zafi daga tanda ta zuba mata a kwano ta ce "Hajiya taɓa kafin a gama", jikar Inna ta kawo mata ruwa a moɗa, suka shiga hirar tsadar shinkafa da ciwon gwiwa kamar sun shekara da sanin juna, sai da direban ya kira sau biyu daga tasha kafin ta tashi.